Sai An Yi Ruwa Biyu

"Mil shida ne kacal," in ji Orval Haskins. "Daga ƙofarka zuwa gadar kogi, mu juyo. Na auna da tawa ya fi sau dubu."

Yana zaune ne a keken marasa lafiya a tsakiyar garejin maƙwabcinsa, bargo a cinya, siririn tiyon iska ya zagayo kunnuwansa ya shige hanci. Matarsa Maxine ce ta turo shi suka tsallako titi, ta gyara masa tukunyar iskar, ta koma gida abinta. Ta ce musun nan ta ji shi har ta haddace, ba ta buƙatar tilawa.

Delbert Wojcik, mai garejin, yana tsaye da tsumma a hannu. Ya yaye wa motar mayafinta har rabi saboda baƙon, karamcin da ko surukinsa bai taɓa samu ba. Jan fentin yana sheƙi a ƙarƙashin fitila kamar jiya aka fito da ita daga kamfani.

"Orval, a watan Fabrairu fa muke."

"Na sani. Likitan ma sai da ya dubi kalanda kafin ya buɗe baki."

"Ba haka nake nufi ba. Titi duk gishirin narkar da ƙanƙara ne."

"Ai ba lasa za mu yi ba, Alƙali. Takawa za mu yi."

Alƙali shi ne sunan da Orval ya laƙaba masa, don shekara ashirin ke nan Delbert yana cikin masu yanke hukunci a bajekolin tsofaffin motoci na garin Saginaw. Shi ne wanda zai kwanta a ƙasa da madubi da tocila yana leƙen cikin motar mutum, ya taso ya kaɗe gwiwa, ya ce wannan notin ba na shekarar ba ne.

Gidajensu suna kallon juna, kuma shekara talatin da ɗaya suna musu ɗaya. Delbert yana da Chevrolet Chevelle ta 1970, ja, mai baƙaƙen layuka biyu a bonet, da ƙaton injin nan da aka rubuta masa ƙarfin doki ɗari huɗu da hamsin. Orval yana da Dodge Charger ta 1969, koriya, doguwa, mai fitilun da ke ɓuya in an kashe su, dokinta ɗari uku da saba'in da biyar a takarda. A garin da kusan kowane gida ya ci abinci daga masu ƙera Chevrolet, ajiye Dodge a ƙofar gida tsokana ce, kuma Orval, wanda gyaran famfo ya yi duk rayuwarsa bai taɓa jiran albashin kowa ba, ya san haka sarai.

Hujjar Delbert ba ta canzawa. Lambar da ke jikin injinsa ita ce a jikin gangar motar, ita ce kuma a takardar da ma'aikata suka cusa ƙarƙashin kujerar baya ranar da aka haɗa ta. A wurin masu tara irin waɗannan motoci, wannan shi ne asali da dangi. Mil dubu ashirin da ɗaya ta taɓa yi a duniya. In za a je bajekoli a tirela ake ɗaukar ta, kamar mai karayar ƙafa. Ta Orval kuwa injinta na asali ya fashe tun 1988 a hanyar zuwa kamun kifi, ya je wurin 'yan gwangwan ya ciro wani daga wata ƙatuwar motar yawon shaƙatawa da ta ƙone rabi, ya dasa. Mitarta mai ƙirga mil ta cika ta zagayo sau biyu. Kujerar baya tana ɗauke da tabon askirim na 'ya'yansa, a kansa kuma na jikokinsa. Ƙasan ƙofofinta tsatsa ta ci, an like, ta sake ci.

"Wannan ba Charger ba ce," Delbert kan ce. "Gawar Charger ce da zuciyar wani."

"Taka kuma kabad ce mai taya," Orval kan mayar masa. "Doki ɗari huɗu da hamsin a turke. Ni jaki ɗaya mai tafiya ya fi mini."

Yau dai ba musun ya kawo shi ba, ko kuma musun ya zo rufewa.

"Shekara talatin da ɗaya kana cika mini kunne," in ji shi, yana tsayawa tsakanin kalmomi ya ja iska, "wai in ka taka ta sai bayan mutum ya manne da kujera. Ban taɓa shiga ba. Ko zama ba ka taɓa cewa in yi ba. So nake in sani kafin in tafi, ko ƙarya kake yi."

"To shiga ka zauna yanzu mana. Bari in shimfiɗa tawul."

Orval ya yi dariya har ta koma tari, tarin ya daɗe. Delbert ya tsaya yana juya tsumma, bai san inda zai sa ido ba.

"Tawul," in ji Orval da ya samu numfashi. "Kai dai ba ka da dama."

"Ka san ƙa'ida kamar yadda na sani. Gishiri in ya shiga lungun ƙarfe ba ya fita. Ka bari motar barbaɗa gishiri ta daina fitowa, a yi ruwa biyu masu ƙarfi su wanke titi. Farkon Afrilu ke nan. Ni da kaina zan zo in ɗauke ka, har gada, har Bay City in kana so."

"Ruwa biyu."

"Ruwa biyu. Na yi maka alkawari."

"To shi ke nan. Zan gaya wa huhuna su ƙara haƙuri, Alƙali ya ɗage zama." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Tura ni gida, tsoho. Garejinka ya fi ɗakina ɗumi, abin na ba ni haushi."

Da Delbert ya dawo ya tarar da matarsa Loretta a tagar kicin, inda ta ga komai ba tare da ta ji komai ba. Ya gaya mata a taƙaice, yana wanke hannun da ba shi da datti.

"Ka ce masa me?"

"Na ce Afrilu."

"Maxine ta ce likita ya ce makonni, Del. Bai ce watanni ba."

"Likitoci suna kuskure."

"Shekararka nawa?"

"Me ya kawo wannan?"

"Saba'in da huɗu. Tsatsa tana buƙatar shekara goma kafin ta huda ƙarfe. Tsakanin kai da motar wa kake jin zai riga wani ruɓewa?"

Ya yi mata bayani cikin haƙuri, irin bayanin da ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane. Ya ce ba maganar huda ba ce. A ƙarƙashin motar har yanzu akwai alamun alli da ma'aikata suka yi da hannunsu ranar da aka haɗa ta, kuma a duk jihar Michigan motocin da suka rage da allinsu ba su kai yatsun hannu ba. Tafiya ɗaya cikin ruwan gishiri ta isa ta share su.

"Alli," in ji Loretta. Ta ɗauki kofinta ta bar masa kicin ɗin.

Kada a ɗauka Delbert mugun mutum ne. A makonnin nan shi ne ke kwashe wa su Orval dusar ƙanƙara tun kafin su farka. Shi ke fitar musu da shara. Shi ya kai Maxine kantin magani sau huɗu, ya kuma ƙera gangaren katako a kan matakalarsu don keken ya riƙa hawa, ya goge shi, ya shafa masa fenti hannu biyu. Ya yi duk wani abin da ba a roƙe shi ba.

Lahadin farko ta watan Maris ta zo da rana tarwai. Ƙanƙara ta janye zuwa gefen titi ta yi baƙi, kwalta ta bushe. Lahadin farkon kowane wata kuwa ranar tayar da inji ce. Minti goma sha biyar, don baƙin mai ya zagaya, batir kada ya mutu. Haka yake yi tun da ya sayi motar, ko da mura ko da Kirsimeti. Ya ɗaga ƙofar garejin zuwa ƙugu don hayaƙi ya fita, ya cire takalmi, ya shiga, ya murza makulli.

Ƙarar wannan injin ba ta sirri ba ce. Tagogin layin gaba ɗaya sai da suka amsa. Delbert ya zauna yana kallon allurar zafi tana hawa, yana jin kujera na rawa a ƙarƙashinsa, kuma gaskiya a wannan lokacin bai tuna da kowa ba.

A minti na goma ya fito don ya duba kalar hayaƙin salansa. Ya zagaya baya, ya durƙusa. Daga nan, ta ƙarƙashin ƙofar, ana ganin tsallaken titi.

Orval yana bayan ƙofar gilashin gidansa a cikin keke. Ya sa baƙar rigar ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci, wadda yanzu ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya sa hula. Ƙaramar tukunyar iska ta tafiya tana kan cinyarsa, ya rungume ta. Maxine tana durƙushe a gabansa tana ɗaure masa igiyar takalmi, shi da rabonsa da takalmi tun Kirsimeti.

Delbert ya dubi titi. A bushe yake, amma fari fat, kamar an barbaɗa gari. Busasshen gishiri ya fi jiƙaƙƙe sharri, kowa a ƙungiya ya san wannan, don ƙura yake zama ya shiga inda ruwa ba ya kaiwa. Abin da ya rage bai wuce ya ɗaga ƙofa da hannu ɗaya ya sa ribas ba. Ya san haka. Ya tsaya a durƙushe har gwiwarsa ta fara ciwo. Ya dubi agogo, minti goma sha uku. Ya jira biyun suka cika, don goma sha biyar ce ƙa'ida, sannan ya miƙa hannu ta taga ya kashe injin.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ƙarfi. Ya sauke ƙofar a hankali, yana tallafe da ita kada ta buga, kamar hakan zai hana a ji.

Ya fi awa ɗaya a garejin yana goge abin da ya riga ya goge. Daga baya Loretta ta buɗe ƙofar da ke haɗa garejin da kicin, ta tsaya a bakinta.

"Ya sa takalmi," ta ce.

"Ai ya san ranar tayar da inji ce. Kowa a layin nan ya sani."

"Ya sa takalmi, Del."

Kwana uku bai tsallaka titi ba. Babu ƙanƙarar kwashewa, don haka babu dalili, kuma ya gode wa Allah da hakan. In zai fita sai ya bi ta ƙofar baya. Ran Laraba da safe sama ta haɗu aka tsuge da ruwa, irin mai cika magudana ya malalo titi. Wajen ƙarfe goma waya ta yi ƙara, Loretta ta ɗauka, ta saurara, ta ajiye.

"Maxine ce. Wai ya ce a gaya wa Alƙali, ɗaya."

Ta ɗora masa kwanon taliya da kifin gwangwani a hannu, da zafinsa, ta buɗe masa ƙofar gaba.

An sauko da gadon Orval falo, irin na asibiti mai ɗagawa, an juya shi yana fuskantar taga. Abin da ake gani ta tagar nan shi ne garejin Delbert, ba wani abu ba. Mutumin ya ƙara zubewa a kwana goman nan. Hannayen da suka shekara arba'in suna murɗa bututu sun koma kamar sanduna a kan bargo.

"Zauna, Alƙali. Na ji ta ran Lahadi. Kaburetarka na shan mai da yawa."

"Babu abin da ke damun kaburetata."

"Tana yi. Daga nan na ji tana haɗiya kamar mai kwaɗayi. Ka rage mata kaɗan."

"Yadda kamfani ya saita ta haka take."

"Kamfani ya saita ta don tafiya."

Delbert ya dubi kwanon da ke cinyarsa, ya rasa inda zai ajiye shi. "Orval, maganar ran Lahadi…"

"Ran Lahadi Maxine ce ta so ta ga ko takalmana suna shiga har yanzu. Ka san za a buƙace su ranar binne ni. Suna shiga."

Da zaginsa Orval ya yi, da Delbert ya samu abin riƙewa.

Orval ya rufe ido ya huta, har Delbert ya ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, idon a rufe, "Bari in gaya maka wani abu, amma in ka faɗa a ƙungiya zan dawo in toshe maka bayan gida. Shekarar da na dawo daga soja akwai irin taka a gilashin dillali a titin Genesee. Ja, da layukanta. Kwana uku ina zuwa ina tsayawa kamar maraya. Ba ta samu ba. Wani ɗan uwan Maxine zai rabu da Charger ɗinsa, na karɓa." Ya ja iska. "Na so ta daga baya, kada ka ji wai. Ta fi taka kyau daga gefe, wannan ko makaho ya sani. A doguwar hanya ta fi taka zama, ba ta rawar kai. Amma daga tsaye zuwa fitilar titi ta gaba, taka ce. Haka kowa ke cewa. Shi ya sa nake so in ji da bayana."

Wannan ita ce maganar da Delbert ya shekara talatin da ɗaya yana jira, ta zo masa yana riƙe da kwanon taliya. Kuma akwai amsar da ta dace da ita. Ya sayi motar ne a 1993 daga hannun wata gwauruwa a Midland, tana da mil dubu ashirin da ɗari shida. Daga ranar zuwa yau bai taɓa wuce gudun mil arba'in da ita ba. Bai taɓa taka totur ya kai ƙasa ba. Maganar baya ya manne da kujera a mujalla ya karanta ta. Orval yana so ya san ko ƙarya yake yi, shi kuwa Delbert bai sani ba.

Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "An ce za a yi na biyun ran Asabar. Lahadi mu fita."

"Lahadi," in ji Orval. "Ka zo da tawul ɗinka."

Ran Asabar abin da aka ce ruwa ne ya sauko fari, dusar ƙanƙara. Kafin ƙarfe tara ya rufe ciyawa, kafin goma Delbert ya ji ƙarar da ya sani tun daga kan kwana. Motar hukuma ce mai lemon fitila, tana tafe a hankali, faifan bayanta na juyawa yana watsa gishiri hagu da dama, har kan gangaren katakon da ya ƙera. Ya tsaya a taga yana kallo har ta wuce. Lissafi ya koma farko. Ya ɗauki shebur ya tsallaka ya kwashe musu ƙofar gida tas, bai ƙwanƙwasa ba.

Ran Lahadi da safe motocin 'yan uwa biyu masu lambar jihar Ohio suna ƙofar gidan, da ta nas ɗin da ke zuwa duba Orval. Delbert ya je coci ya dawo, ya zauna, ya tashi, ya shiga gareji, ya fito. Wajen sha biyu ya ɗauki makullin motar daga ƙusar da yake rataye shi, ya tsallaka ba ko riga mai kauri. Maxine ce ta buɗe. A bayanta ya hango Darlene, babbar 'yarsu, zaune a bakin gadon.

"Na shirya," ya ce, yana nuna mata makullin kamar takardar shaida. "Yanzu ma. Gishirin ba komai. In Darlene ta kama mini sai mu sa shi a gaba."

Maxine ta dubi makullin, ta dube shi. Fuskarta babu fushi, gajiya ce kawai.

"Bai farka ba tun jiya da la'asar, Delbert. Shigo ka zauna in kana so."

Ya shiga ya zauna minti ashirin a kujerar da ke kusa da ƙofa, makullin a tafin hannunsa. Orval ya cika ran Litinin da hantsi, nas tana wurin, rana tana kan gadon.

Al'adar ƙungiya ce in ɗansu ya mutu motoci su raka shi maƙabarta a jere. Amma al'adar tana da hankali: in mutum ya yi kuskuren mutuwa tsakanin Nuwamba da Afrilu, sai a zo masa da motocin zuwa kasuwa, a sa rigar ƙungiya a kai, kowa ya fahimta. Ran Alhamis ɗin jana'izar ƙanƙara ta narke rabi, titi ya zama kunu ruwan ƙasa, gishiri da laka. Delbert ya sa baƙin kwat, ya ɗaga ƙofar garejin har sama.

Loretta ta fito da jakarta ta tsaya tana kallon jar motar tana fitowa da baya.

"Ihu bayan hari," ta ce.

"Shiga mu tafi."

"Wannan kujerar ba tawa ba ce." Ta wuce ta shiga tata motar.

Darlene ce ta tuƙa Charger, ita ce ta farko a bayan motar gawa, mahaifiyarta a gefenta. Delbert yana biye da su, sai dogon layin akori-kura da motocin kai jikoki makaranta. Yana jin kunun titin yana fantsama a ƙarƙashinsa, tas, tas, a kan ƙarfen da rabonsa da ruwa tun kafin a haifi Darlene. Hanyar maƙabarta ta bi ta kan gadar kogi. Sun haye ta da gudun mil goma sha biyar, fitilu a kunne, doki ɗari huɗu da hamsin suna takawa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an binne aka koma ɗakin ƙasa na coci cin abinci, burodi da nama, dankali da cuku, kofi a kofin takarda. Nan ne Gus Pruitt, shugaban ƙungiya, mutum mai son jawabi, ya buga cokali a tebur ya miƙe.

"Jama'a, kun san ni ba mai yawan magana ba ne." Aka yi 'yar dariya. "Shekara ashirin na san Del Wojcik. Na taɓa ganin ya hana shugaban bajekoli jingina da motar nan. Na taɓa ganin ya mayar da ita tirela saboda gajimare ɗaya. Yau, a watan Maris, cikin wannan gishirin, ya fito da ita saboda Orval. Mu duka nan ba wanda ya iya. Ni ban iya ba. In ana neman ma'anar maƙwabci, ga ta can zaune tana shan kofi."

Aka tafa. Wasu suka taso suna dafa kafaɗarsa. Wani tsoho mai Mustang ya riƙe hannunsa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi dai ya ga abota yau. Delbert ya yi ta gyaɗa kai. Da ƙasa za ta tsage da ya shige, amma ƙasan cocin siminti ne, an kuma shimfiɗa masa leda. Ya nemi Loretta da ido, ya same ta tana kallon cikin kofinta.

Da mutane suka fara raguwa Maxine ta zo inda yake, riƙe da faranti da aka rufe da takardar gwangwani.

"Ga wannan ku tafi da shi, ya yi yawa."

"Maxine, abin da Gus ya faɗa…"

"Gus ya yi jawabi mai kyau." Ta sa masa farantin a hannu, ta gyara bakin takardar da yatsa. "Orval ya ce za ka fito da ita yau. Ya ce in ka fito da ita kada in ce maka komai. To ban ce ba."

Ta juya wurin wasu baƙin.

Ya iso gida wajen ƙarfe biyar, shi kaɗai, Loretta ta tsaya taya matan coci wanke-wanke. Ya tsayar da motar a gaban gareji ya zagaya ta. Laka ta yi mata fari-fari har rabin ƙofa, tana ɗiga daga bayan tayoyi. A ransa ya ce zai bar ta haka. Zai shigar da ita da dattinta ya rufe ƙofa, abin da zai ci ya ci. Ya ma faɗi hakan a fili, ba kowa a wurin.

Amma gishiri in ya bushe a lungu shi ke nan, kuma awa biyu suka rage rana ta faɗi. Bai san lokacin da ya ajiye farantin a kan matakala ba. Famfon waje a rufe yake tun Nuwamba, don haka ya ja tiyo daga ɗakin wanki, ya haɗa ruwa mai ɗumi, ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Ko kwat ɗin bai cire ba. Ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige ƙarƙashinta, ya fara daga gaba, lungu-lungu, yadda ya kamata.

Yana wajen tsakiya ya ji ƙarar da ya sani shekara talatin da ɗaya ta shawo kwana. Ya juya kai. Daga inda yake kwance, tsakanin taya da taya, ana ganin tsallaken titi kamar ta ƙasan labule. Tayoyin Charger suka tsaya, laka na zuba daga jikinta. Ƙofa ta buɗe. Baƙaƙen takalman Maxine masu ɗan tudu suka sauko, suka yi taku biyu, suka tsaya. Sannan suka juyo, bakinsu yana kallon garejinsa.

Delbert ya daina motsi. Tiyon yana hannunsa, ruwan ɗumin yana bin hannun rigarsa yana gangarawa har gwiwar hannu, yana taruwa a ƙarƙashin bayansa. Takalman suka daɗe a wurin. Daga baya suka juya, suka hau gangaren katakon a hankali, ƙofa ta rufe.

Ruwan ya ci gaba da fita daga ƙarƙashin motar, fari-fari, yana bin gangaren siminti zuwa bakin titi.